Surin da Kaka Yake Harbi

Laraba, bayan an taso daga makaranta

Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Umma. Kaka ba ya gani. Ba wai ya makance gaba ɗaya ba. Yana ganin haske, yana gane mutum ne ko ƙofa ce in abin yana kusa da shi, amma fuska sai ya ji murya. Ni kaɗai na sani, sai shi, kuma ko tsakaninmu ba mu taɓa kiran abin da sunansa ba.

Tun bara na gane. Na miƙa masa kofin shayi, ya kai hannu gefe ya kama iska. Ya yi dariya ya ce hannuna ne ke rawa. Daga ranar nake ajiye masa kofi a wuri ɗaya, jikin ƙafar kujerarsa ta dama. In za mu fita, ni nake shiga gaba ina jan silifas a ƙasa don ya bi ƙarar. In akwai dakali ko rami sai in yi tari. Umma kullum sai ta ce, "Ke, ɗaga ƙafarki mana, sai ka ce wata tsohuwa." Sai in ce to.

Kaka mahaifin Abbanmu ne. Maharbi ne tun yana saurayi. Ya ce lokacin da ya sayi wurin nan duk daji ne, in ya yi kira ba mai amsa masa sai tsuntsaye. Yanzu gidaje ne gaba da hagu da dama, ga mai cajin waya a kwana, ga masu babur suna wucewa har cikin barcinmu. Abin da ya rage masa shi ne lambun bayan gida, mai tsawo, da ya gangara har bakin kwari.

Shekaranjiya 'yan sanda sun tafi da bindigarsa. Ana cewa wai ba a harbi a cikin gari, ko da a filin mutum ne. Wasu kuma na cewa ana yi. Tun ranar gidanmu ba a maganar komai sai wannan.

Alhamis, da yamma

Zan rubuta yadda aka yi ranar Litinin, tunda kowa na ba da labarin yadda ya ga dama.

Ni ce 'yar rakiyar Kaka. Haka yake kirana. Da sassafe kafin in yi shirin makaranta muna shiga lambu, mu zauna a kan kututture a gindin lemo. Fakaru na haurowa daga kwari suna tone masa shuka, wani lokaci gafiya. Shi yake fara jin motsi, ni kuma in duba in raɗa masa, "Hagu da randa, ƙasa kaɗan." Ba kullum yake samu ba. Yawanci ma zama kawai muke yi yana ba ni labarin da. A lambu ina surutu har in gaji. A aji kuwa, malama na kiran sunana sai in sunkuyar da kai, da ƙyar ake jin muryata.

Bindigarsa irin ta da ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a zuba ƙananan ƙarafa, a danna da tsumma da doguwar sanda. In an ɗura ta, kwashewa wahala ce, kuma Kaka ba ya shiga gida da ita a ɗure, saboda yara. Don haka duk ranar da ba mu sami komai ba, sai ya jingina kafaɗa da lemon, ya juya wa gida baya, ya harba cikin surin da ke ƙarshen lambu. Suri ne babba, ya fi Abba tsawo. Shekara da shekaru yana haɗiye harbin Kaka, gara na sake liƙe ramukan. Tsofaffin maƙwabta sun saba da ƙarar, wasu ma da ita suke tashin yaransu.

Ranar Lahadi da yamma leburorin Baban Tagwaye, sabon maƙwabcinmu na baya, suka rushe surin don su haƙa tushen katanga. Rabinsa dama a filinsu yake. Ni ina kwance da zazzaɓi, ban sani ba. Litinin Kaka bai tashe ni ba, ya tafi shi kaɗai. Bai sami komai ba. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya harba inda ya saba harbawa.

Bayan surin akwai shingen waya. Bayan wayar akwai tankin ruwan Baban Tagwaye, baƙi, na roba, a kan bulo.

Na ji ƙarar, sannan na ji ihun Maman Tagwaye. Na fito da zanen rufa a kaina. Ni na fara isa. Ruwa na tsartuwa daga tankin wuri-wuri. Kaka na tsaye, bakin bindiga na hayaƙi. Da ya ji silifas ɗina sai ya ce a hankali, "'Yar rakiya, ina surin?"

Na ce, "Sun rushe shi, Kaka."

Nan da nan mutane suka taru. Baban Tagwaye na ta faɗa yana cewa da gangan ne, don an taɓa masa suri. Sai Kaka ya ɗaga murya ya ce, "Eh. Wa ya ce ku rushe min abu ba ko sallama?" Abba ya dafe kai. Kafin rana ta take, 'yan sanda sun zo sun karɓi bindigar.

Ya gwammace a ce shi mugu ne.

Juma'a, da safe

Ba wanda ya ji rauni. Umma ta maimaita haka jiya ban san sau nawa ba, ko ba a tambaye ta ba.

Asabar, da hantsi

Baffa Lauya ya zo. Ƙanin Abba ne, kuma ba lauya ba ne. Shagon fotokofi gare shi kusa da kotu, shi ya sa aka laƙaba masa sunan, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Ko zama bai yi ba ya fara.

"Yaya, ka kwantar da hankalinka. Filin nan na Baba ne ko ba nasa ba ne? Da takardarsa. Mutum a cikin abinsa, ko igwa ya ga dama ya harba."

Abba ya ce, "Igwa ko? To tankin ma a cikin abinsa yake?"

"Wannan maganar tanki ce, daban take. Ni maganar bindiga nake yi. Dokar hana harbi ta cikin gari ce. A takardar Baba kuwa gona aka rubuta. Gona!"

Umma ta leƙo daga kicin. "Gonar da ke da mai cajin waya a kwana?"

"Matar Yaya, ki bar wa masana."

"Masanan fotokofi ba," in ji Umma, ta koma.

Kaka na kan kujerarsa, fuskarsa na kallon wajen taga kamar yana duba wani abu. Ya ce, "Ni ban je gari ba. Ina zaune gari ya zo ya same ni. Yanzu kuma shi zai gaya min abin da zan yi a bayan ɗakina."

Baffa ya tafa hannu ya ce wannan maganar ko a gaban alƙali sai ta ci. Abba bai yi dariya ba. Ya matso kusa ya rage murya. "Baba, ni abin da ban gane ba ɗaya ne. Kai ne muna yara ka zane mu don mun nuna wa juna kara kamar bindiga. Yau kai ne za ka harbi gidan mutane a kan suri?"

Kaka ya ce, "Rai ne ya ɓaci." Sannan ya ce in kawo masa shayi.

Na kawo na ajiye a inda na saba. Ya kai hannu ya ɗauka ba kuskure. Ba wanda ya lura da komai.

Lahadi, da yamma

Abba ya je ya gyara tankin da kansa. Walda ce sana'arsa, ya ce ita ba ta kama roba, amma ya san dabara. Ya yanka tsohuwar jarka siri-siri, ya sa wani faffaɗan ƙarfe a garwashi, in ya yi zafi sai ya narka robar a kan hujin ya shafe. Ni ce mai miƙa masa. Warin ya sa ni hawaye.

Yau na fara shiga gidan. A gindin tankin akwai bahon wanka shuɗi, da soso, da motar wasa mai ƙafa uku. Tagwayen maza ne, ba su isa shiga makaranta ba. Suka tsaya suna kallon Abba baki buɗe. Ɗaya ya matso ya zura ɗan yatsa a hujin da ba a kai ga liƙewa ba. Hujin daidai kunnensa yake.

Maman Tagwaye ta kawo mana ruwan sha. Ba ta yi faɗa ba, ita ba kamar mijinta ba ce. Ta ce wa Abba, "Nan nake yi musu wanka kullum da safe. Ranar dai gas ne ya ƙare mana, na tsaya hura gawayi." Abba ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ba ta haƙuri, ya sake ba ta haƙuri. Sai ta juyo gare ni. "Ke ce mai shiga gaban tsohon nan kullum? Ina hango ku ta shingen waya."

Na gyaɗa kai, na kalli ƙasa.

A hanyar dawowa Abba na riƙe da kaskon garwashin nesa da jikinsa. Ya ce, ba da ni yake ba, da kansa yake, "Ƙasa-ƙasa ya harba. Ba tsuntsu ya nufa ba." Can kuma ya ce, "Ban san Baba da haka ba."

Na bi bayansa har muka shiga gida.

Talata, bayan mun dawo daga ofis

Yau aka kira Kaka ofishin 'yan sanda. Abba ya ce in tafi makaranta, Kaka ya ce ba inda za shi sai da mai riƙe masa jaka. Jakar ba komai a ciki sai tsohuwar takardar fili da ta izinin bindiga, duk sun yi laushi kamar tsumma.

Ɗakin ƙarami ne. Benci biyu, kabad cike da fayil har ya ƙi rufuwa, da fanka mai ƙara kamar za ta faɗo. Bindigar Kaka na jingine a lungu, an ɗaura mata 'yar takarda a wuya. Na raɗa masa, "Tana dama da kai, a lungu." Ya juya fuska can ya daɗe.

Baffa Lauya ya miƙe ya fara bayani da hannu da ƙafa. Ofisan, wani mai tabarau da bai kai Abba shekaru ba, ya bar shi ya yi nisa sannan ya ce, "Malam, kai ne lauyansa?"

"Ɗansa ne, yallaɓai."

"To ɗansa ya zauna."

Ya juya wajen Kaka, ya gaishe shi da ladabi. Ya ce, "Baba, filin naka ne, ba wanda ya musa. Amma abin da ya fita daga bakin bindiga ba ya tsayawa ya karanta takardar fili." Kaka ya ce yaron nan ya iya magana. Har ofisan ya yi murmushi.

Ya ce magana biyu ce. Ta tanki, in mai tanki ya yafe, ta mutu. Ta bindiga kuwa sai an san inda lambun yake. In a cikin gari yake, ba a harbi a ciki ko na waye, bindiga ba za ta koma ba. In a waje yake, tunda akwai izini, za a mayar. Shi ma bai san inda iyakar ta bi ba, sai masu awon fili sun zo sun duba.

Muna shirin tashi ya kalle ni. "'Yammata, ke kina wurin?"

Na ji Kaka ya daina numfashi a gefena. Abba ya ce, "Ba ta da lafiya ranar, yallaɓai. Kuma wannan ko gida sai a wuni ba a ji muryarta ba." Ofisan ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

A bakin ƙofa akwai dakali. Na yi tari.

Alhamis, a aji, lokacin tara

Malama ta tambaye ni ko wani abu na damuna. Na ce lafiya lau.

Asabar, da safe

Kaka bai daina zuwa lambu ba. Yanzu sandarsa yake ɗauka. Mun zauna a kan kututture, raɓa ta jiƙa min ƙafa. Fakaru uku suka hauro daga kwari suna kiwonsu hankali kwance, kamar an gaya musu. Kaka ya ce, "Kin ji 'yan banzan nan? Har da waƙa suke min." Na yi dariya sosai. Na daɗe ban yi ba.

Ya tambaye ni katangar ta kai ina. Na ce ta kai gwiwa, a gefe ɗaya kawai, kuma magina sun daina zuwa, an ce siminti ne ya ƙare. Ya ce, "Ba komai. In sun gama ta, ai ta isa suri. Bulo ma yana haɗiye harbi."

Na so in ce wani abu. Na tsinki ganyen lemo na murza a hannu ina shinshinawa har ya ce mu tafi.

Da daɗi zama da shi. Wannan ma gaskiya ne, ina so in rubuta shi.

Litinin, da yamma

Masu awo sun zo, su biyu, da wani abu mai ƙafa uku da doguwar sanda mai lambobi. Yaran layinmu suka bi su duk inda suka yi. Sun leƙa ta bayan kicin ɗinmu, sun tsallaka lambatu, sun gangara kwari, sun dawo da ƙaya a wando. Baffa Lauya ya rufe shago ya zo yana nuna musu inda za su kafa abin, har ɗayan ya ce, "Alhaji, ko ka karɓa ka yi mana?" Ba su faɗi komai ba. Sun ce sai sun gwada da taswirar ofis.

Umma ta ce ita dai da za a riƙe bindigar can da ta fi kowa murna. A hankali ta faɗa, tana tsane shinkafa.

Laraba, da magariba

Ɗazu muna ban ruwa a lambu, ni da Kaka. Ni nake ɗebowa daga randa, shi yana zaune yana gaya min kunyar da ta fi jin ƙishi, wai yana ji a ƙamshin ƙasa.

Sai aka yi motsi a cikin wake, can wajen shingen waya. Kaka ya ɗaga hannu. "Shhh." Ya ɗauki sandarsa a hankali, ya kafa ta a kafaɗa kamar bindiga, ya kwantar da kunci a kai. Ya raɗa, "Fakara. Babba ce." Bakin sandar ya bi motsin, ya tsaya. Ya ce, "Tau!" da baki, ya yi dariya. "Da na same ta."

Ɗaya daga cikin tagwayen ne. Ya rarrafo ta ƙarƙashin waya ya zo ɗaukar ƙwallo. Rigarsa ruwan ƙasa ce. Ya ɗauki abinsa ya koma ta inda ya shigo, ko kallonmu bai yi ba.

Da ya same shi. Sandar daidai take.

A da Kaka yana jira in faɗa masa abin da na gani. Yau bai tambaye ni ba.

Na gama ban ruwan. Na zuba wa kunya ɗaya sau biyu.

Alhamis, da rana

Ban iya cin abinci ba. Umma ta taɓa goshina ta ce zazzaɓin ne ke son dawowa.

Juma'a, da yamma

An gama. Kaka ya ci nasara.

Abba ne ya dawo da labarin, Baffa Lauya na biye da shi yana rawa tun daga bakin ƙofa. Wai iyakar gari a taswirar ofis ta bi ta lambatun da ke bayan kicin ɗinmu ne. Gidan yana cikin gari, lambun yana waje. Akwai sabuwar taswira da ta haɗiye har kwari, amma ba a sa mata hannu ba tukuna, ba kuma wanda ya san ranar. Baban Tagwaye kuma ya janye ƙararsa, tunda tanki ya daina yoyo kuma Abba ya je masa har gida ba sau ɗaya ba.

Baffa ya ce, "Matar Yaya, kin ji ko? Tukunyarki a birni, lemonki a ƙauye! Gobe in za ki tsinko ganye sai ki yi mana sallama, tafiya ce."

Umma ta ce, "Allah ya sa alheri," ba ta ɗago ba.

Ofisan ya ce Abba ya je ranar Litinin da safe ya karɓo bindigar. Ya ce a gaya wa Baba ya yi hattara, doka ta bar shi amma maƙwabta na nan inda suke. Abba ya faɗa wa Kaka haka, ya ƙara da cewa, "Baba, don Allah, in rai ya sake ɓaci, ka kira ni." Kaka ya ce ya ji.

Sai ya kira ni. "'Yar rakiya, nemo min man nan da tsumma. Ta kwana biyu a hannun waɗanda ba su san darajarta ba." Fuskarsa kamar ta yaro ranar da aka ba da hutu. Na nemo na ajiye masa a kan taga.

Kowa na murna, ko yana yi kamar yana murna. Doka ta duba fili, ta duba takarda, ta duba lambatu. Ba wanda ya ce a duba idon Kaka.

Asabar, da hantsi

Muna shanya da Umma na ce, "Umma, in mutum ya san wani abu, kuma wanda abin ya shafa ba ya so a sani fa?"

Ta tsaya da rigar Abba a hannu. "Wa ya taɓa ki?"

"Ba kowa."

"A makaranta ne?"

"A'a."

Ta kalle ni ta kalle ni. Na kusa faɗa mata, sai na hango Kaka ta taga yana ninke tsumman nan yana warwarewa. Na ce wani labari ne aka ba mu a aji. Ta ce, "To miƙo min zanen can kafin ya sha ƙasa."

Lahadi, da yamma

Na yi wa Kaka magana. Ban san daga ina ƙarfin ya zo ba. Muna kan kututture, rana ta yi sanyi, yana ba ni labarin wani kare da ya taɓa yi. Na katse shi, abin da ban taɓa yi ba.

"Kaka, ranar Laraba ba fakara ba ce."

"Mece ce?"

"Ɗaya daga cikin tagwayen ne. Ƙwallo ya shigo ɗauka."

Ina jin rediyon wani gida, da mai sayar da ruwa yana buga jarka a layin baya. Can ya ce, "Ai sanda ce a hannuna."

"Gobe ba sanda ba ce."

"Kina nan ai. Ba zan ƙara harbi ba sai kin ce."

"Ranar tanki ba na nan. Ranar Laraba ina nan, ba ka tambaye ni ba." Na ce, "Kaka, ba ka gani."

Ban taɓa faɗa ba sai yau. Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya shafa gwiwarsa ya ce, "Kin san abin da za su yi in sun sani? Ɗaki za su zaunar da ni. A kawo min abinci, a kwashe kwano. A riƙa yi min magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu. Baffanki ya riƙa kawo mutane suna yi min sannu. Ko bakin ƙofa ba za a bar ni in je ni kaɗai ba."

Na ce zan riƙa kawo shi lambu kullum, ko ba bindiga.

"In zo in yi me? In zauna fakaru su yi min dariya?" Ya juyo da fuskarsa wajena, ya ɗan kauce kaɗan, kafaɗata yake kallo. "Ban taɓa roƙonki komai ba, 'yar rakiya. Ki bar min wannan. Ita kaɗai ta rage da har yanzu ake ce min maharbi saboda ita."

Na ce, "To kai ka gaya wa Abba. Ya fi daɗi daga bakinka. Yana zaton da gangan ka yi, Kaka. Abin na cin sa."

Ya lalubo sandarsa. Sannan ya ce, "Tashi ki shiga gaba, sauro ya fara."

Na shiga gaba. Muka isa gida. Da na kai masa shayi ya ce ya ƙoshi.

Litinin, da sassafe

Na yi wanka, na sa kayan makaranta. Ƙofar Kaka a rufe take, amma na san ya tashi, na ji tarinsa. Bai kira ni ba. Bai kuma kira Abba ba. Na tsaya a bakin ƙofar na ɗan jira ko zai kira ɗayanmu.

Abba zai sauke ni a makaranta, daga nan ya wuce ofis ya karɓo bindigar kafin ya buɗe shago.

Na san abin da zai biyo baya. Wataƙila Kaka ba zai ƙara ce min 'yar rakiya ba. Wataƙila ya daina ba ni labari, kuma ban da shi ba ni da wanda nake yi wa surutu. Na yi ta juya wannan a raina. Amma yanzu haka ina jin Maman Tagwaye ta bayan gida tana kiran su wanka, ɗayan yana kuka wai ruwan da sanyi.

Abu biyu zan roƙi Abba. Ya shiga wajen Kaka shi kaɗai, ban da Baffa, ban da kowa. Kuma kada a hana shi lambu.

Abba na tsakar gida yana goge sirdin babur, yana tambayar Umma ko ta ga makullinsa. Makullin na hannuna. Na san halina, in ya tayar da inji zan hau baya in yi shiru har makaranta. Ba zan ba shi ba sai na gama faɗa.